Kada Siton Ƙungiya Ya Sake Tsayawa a Linta

Jawabin kwamitin gini a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa da suka kafa wannan tafiya tun ana ɗaura kaya a akori-kura, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Ɗan Isa da Madarunfa, da na Jibiya da Katsina da Kano, da direbobi da 'yan kamasho da suka baro tasha suka zo, muna yi wa kowa barka da zuwa, muna kuma taya juna murnar ganin wannan rana.

Yau ranar murna ce, amma maganar da aka ɗora wa kwamitinmu ba ta daɗi ba ce. Duk wanda ya biyo babbar hanya da safen nan ya ga kangon siton ƙungiya. Bango ya kai linta ya tsaya, rodi ya yi tsatsa, awaki ne ke shan inuwa a ciki. Kuɗin da ke cikin kangon nan naku ne. Akwai mai sayar da tattasai da ta ba da ribar mako guda, akwai dillalin shanu da ya ba da kuɗin sa guda. Yanzu kuma ga mu mun dawo muna neman ku sake zuba hannu a aljihu. Ba mu da bakin yin wannan roƙo sai mun faɗa muku abin da ya kashe aikin farko, da abin da muka koyo wanda zai hana a maimaita.

Da aikin ya tsaya, kowa ya ce ɗan kwangila ne ya cuce mu. Yana da nasa laifin, ba mu wanke shi ba. Amma da muka zauna da wani injiniya, ɗan ɗaya daga cikin dattawanmu, ya ce mu kawo masa takardun aikin, sai kunya ta kama mu. Abin da muka iya kawowa rasit ne na kuɗin da muka biya, da wata 'yar takarda mai shafi ɗaya da ke cewa za a gina sito. Babu zane, babu ƙididdigar kaya, babu ranar gamawa. Ya ce mana ginin nan tun kafin a haƙa rami ya mutu, don babu wanda ya rubuta abin da ake so a gina. Ya kuma nuna mana cewa tafiyar da aikin gini ilimi ne mai ƙa'idoji, kuma ƙa'idojin da ake bi a shimfiɗa layin dogo su ne ake bi a gina sito mai ɗaki goma. Abin da muka fahimta daga gare shi za mu kawo muku, da bakin kasuwa.

Ƙa'ida ta farko ita ce a yanke iyakar aiki, a rubuta, kowa ya sa hannu. Injiniyoyi na cewa kowane aiki yana tsaye ne a kan abu uku da ke ɗaure da juna: girman aikin, lokacinsa, da kuɗinsa. Ba ka taɓa ɗaya sauran biyun su zauna yadda suke. Mu kuwa me muka yi? An fara gini, sai wani babba ya zo ya ce a ƙara ɗakin sanyi don masu albasa da tumatir. Bayan mako biyu wani ya ce a ɗaga bango don tirela ta shiga ciki. Duk shawarwari ne masu kyau, amma da baki aka yi su a bakin aiki, babu wanda ya tambayi nawa za su ci, ko kwana nawa za su ƙara. Ɗan kwangila ya ce to, ya ci gaba, kuɗin rufi ya tafi a bango. A wannan karon akwai zane, akwai kuma takardar ƙididdiga da ta jera kowane abu: buhun siminti nawa, rodi tan nawa kuma mai wane kauri, bulo nawa, kwano bandir nawa. Duk wanda ke da canji, ko shugaban ƙungiya ne, sai ya kawo shi a rubuce, injiniya ya sa masa farashi da kwanaki, kwamiti ya amince ko ya ƙi. Muna roƙon iyayenmu su yi mana afuwa tun yanzu, don za a zo ranar da za mu ce wa babba a'a.

Ƙa'ida ta biyu ita ce a san aikin da ke jiran wani aiki. Wani injiniya ɗan Amurka mai suna Henry Gantt ya yaɗa wani irin jadawali fiye da shekara 100 da suka wuce. Ana jera ayyuka daga sama zuwa ƙasa, ana jera makonni daga hagu zuwa dama, kowane aiki a ja masa layi daga ranar farawarsa zuwa ranar ƙarewarsa. Ko wanda bai yi boko ba, in ya kalla zai ga inda aka kwana. Daga baya, a 1957, kamfanin DuPont ya fito da wata dabara da ta ƙara a kan wannan. A cikin ayyukan gini akwai jeri guda wanda kowane aiki a cikinsa sai na gabansa ya ƙare yake farawa, kuma shi ne jeri mafi tsawo. Mu a kwamiti muna kiransa ƙashin bayan aiki. In aka yi jinkirin kwana ɗaya a kansa, ginin gaba ɗaya ya yi jinkirin kwana ɗaya. Sauran ayyukan suna da sarari.

Ga yadda abin yake a sitonmu, bisa ƙiyasin injiniya. Gyara takardun fili da karɓar izinin gini, mako 6. Duba tsohon harsashi da ƙarfafa shi, mako 3. Ginshiƙai da ƙarasa bango, mako 6. Rufi, mako 3. Jimla mako 18, kuma babu wanda za a iya tsallakewa. Ƙofofin ƙarfe kuwa mako 4 suke ci a wurin mai walda, ana iya yin su a kowane lokaci kafin a gama bango. A aikin farko mun yi wata guda muna faɗa da mai walda a kan ƙofofi, alhali takardar izini tana kwance a ofis babu mai bin ta. Mun tsaya gadin abin da ke da sarari, mun bar abin da ke riƙe da wa'adi. Akwai kuma abin da kuɗi ba ya gaggauta shi. Kankare sai ya kwana 28 ana ba shi ruwa kafin ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi. Wanda ya matsa wa magini ya cire katako da wuri don a burge taro, shi ya sayi tsagewar bango da kuɗinsa.

Tun da ruwa yakan sauka a yankinmu daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, sai mu ƙirga mako 18 da baya daga farkon Yuni. Lissafi ya kawo mu ƙarshen Janairu. Wannan ita ce rana ta ƙarshe da za a iya farawa, in komai ya tafi daidai, kuma komai ba ya tafiya daidai. Shi ya sa muke so a fara da kaka, a watan Nuwamba, lokacin da hanya ta bushe, kuɗi kuma yana hannun jama'a. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan lissafi na damina ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Layin dogon da ya fara isa Kano a 1911 daga Baro aka faro shi, a bakin kogin Kwara, a zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan jirgin ƙasa ne. Ƙarafan dogo da kawunan jirgi ta kogi ake kawo su daga bakin teku, kuma manyan jiragen ruwa ba sa isa Baro sai lokacin da kogi ya cika. Duk kayan da za a yi aiki da su a rani sai an tara su a 'yan watannin nan na cikar ruwa. In aka kuskure, an yi asarar shekara. Ba mu manta cewa da guminsu talakawa da aikin tilas aka shimfiɗa layin ba, kuma wannan ba abin koyi ba ne. Abin da muka ɗauka shi ne an san abin da ke riƙe da wa'adi, aka tsara komai a kansa. Layin ya isa, kuma ko da yake auduga Turawa suka sa rai za a ɗauka, gyaɗa ce ta cika taragai, fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga cinikinta, kasuwancin ƙasar Hausa ya canja.

Ƙa'ida ta uku ita ce kada a yi ƙiyasin lokaci da fatan alheri kawai. A 1958 rundunar sojan ruwan Amurka, a aikin makamin Polaris, ta yi amfani da wata hanyar ƙiyasi da ta dace da mu ƙwarai. Ba a tambayar mutum kwana nawa aiki zai ci a karɓi amsa ɗaya. Ana neman amsa uku: in komai ya yi kyau, in an bi yadda aka saba, da in abu ya ɓaci. Sai a ninka ta tsakiyar sau 4, a haɗa da sauran biyun, a raba gida 6. Mu ɗauki motar siminti da za ta ƙetaro iyaka. A ce in an yi sa'a kwana 2, yadda aka saba kwana 4, in takarda ta maƙale a kwastan ko duwan, ko mota ta lalace, kwana 12. Biyu da goma sha shida da goma sha biyu, talatin ke nan, a raba shida, kwana 5. Da 5 za mu yi lissafi, ba da 2 da direba ya rantse mana ba. Alhazai, ku kun fi injiniya sanin waɗannan lambobi uku, don ku ne kuka sha kwana a bakin shinge. Kwamiti zai zo wurinku ya tambaya.

Ƙa'ida ta huɗu ita ce a rubuta masifun da ka iya faruwa tun ba su faru ba, a sa wa kowace mai kula da ita da abin da za a yi. Mu da ke cin abinci a kan iyaka muna da guda biyu da ɗan kasuwar cikin gari ba shi da su. Ta farko rufe iyaka. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020. An sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Sau biyu ke nan cikin shekara biyar, saboda haka wanda ya tsara gini a nan bai sa wannan a lissafi ba ya yi sakaci. Maganinmu shi ne kowane muhimmin kaya ya kasance yana da mafita biyu, ɗaya a kowane ɓangare. Akwai masana'antar siminti a Sakkwato, akwai a Malbaza. Injiniya zai tabbatar tun yanzu wane siminti da wane rodi na kowane ɓangare ne suka cika sharaɗin zane, don kada ranar da aka rufe hanya a ɗauko abin da aka samu kawai.

Ta biyu canjin kuɗi. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa a tsakiyar 2023, kafin a sake ta, wajen 460 take a dala ɗaya a farashin gwamnati, amma a farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya tara gudummawa da naira ya ajiye, yana shirin sayen kaya da sefa, ya wayi gari kuɗinsa ba ya sayen rabin abin da ya ƙiyasta. Don haka mun yanke cewa kuɗin da za a kashe da sefa a ajiye shi da sefa, na naira da naira. Kayan da ba sa lalacewa, irin su rodi da kwano, a saye su da wuri a kulle. Siminti ba ya son dogon zama, yana jan danshi ya daskare, shi za a riƙa saye kashi-kashi. Bayan wannan za a ware kashi 10 cikin 100 na kasafin a matsayin kuɗin ko-ta-kwana, ba mai taɓa shi sai da sa hannun mutum uku.

Ƙa'ida ta biyar ita ce wadda ta fi ƙona mu: kuɗi bayan aiki yake tafiya. A aikin farko mun ba ɗan kwangila fiye da rabin kuɗin tun bai kawo tifa ɗaya ta yashi ba, don an ce mutumin kirki ne, kuma surukin wani ne daga cikinmu. Daga ranar nan mu muka koma masu roƙo. Ko gwamnatin Nijeriya, a dokarta ta sayen kaya da ba da kwangila ta 2007 yadda aka fara kafa ta, kashi 15 cikin 100 ta ƙayyade a matsayin kuɗin somin aiki, shi ma sai da takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Mu ma a nan za mu tsaya. Sauran kuɗin za a biya shi mataki-mataki: in an gama harsashi, in an kai linta, in an ɗora rufi, in an miƙa makulli. Kafin kowane biya, injiniyanmu, wanda mu muke biyansa kuma ba ya cin komai a hannun ɗan kwangila, zai auna aikin da tef ya sa hannu. A kowane biya kuma za a riƙe kashi 5 cikin 100 har sai damina guda ta wuce a kan rufin, mun ga ba ya yoyo. Ku da ba ku biyan kuɗin buhu sai kun soka masa tsinke kun ga ƙwayar, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinku.

Ƙa'ida ta shida ita ce a duba inda aikinka zai haɗu da na wasu. A nan manyan ayyukan ƙasashenmu suna da darasi. A Janairun 2016 aka yi bikin layin dogo daga Yamai zuwa Dosso, mai tsawon kusan kilomita 140. Manufar ita ce ya zarce ta Gaya ya haɗu da layin Benin da ya tsaya a Parakou, kaya su riƙa tahowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Sai rikici ya tashi a kotun Benin a kan wanda ke da haƙƙin gina ɓangaren can, ba a gina mahaɗin ba, layin Dosso ya zauna ba ya ɗaukar kayan kowa. An shimfiɗa ƙarfe kafin a gama maganar takarda. Akwai kuma maganar faɗin layi. Na Dosso mita ɗaya ne, tsohon layin Nijeriya milimita 1,067, sabon layin Kano zuwa Maraɗi kuwa milimita 1,435. Taragon wannan ba ya hawa kan wancan. Shi layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, wato ta ƙofar gidanmu. Wa'adin da aka fara faɗa ya wuce ana kan aiki, don haka ba mu ɗaura lissafinmu a kan ranar zuwan jirgi ba. Amma mun sa a zane cewa ƙofar sito da filin juyawa su ɗauki motar kwantena, don ranar da ya zo kada mu fasa bango. Sito ma yana da nasa mahaɗai: hanyar da za ta shigo daga kwalta, magudanar da za ta fitar da ruwa ba tare da ta cuci maƙwabta ba, wutar lantarki, da takardar fili mai sunan ƙungiya, ba sunan mutum ɗaya ba. Ba za a sauke bulo ɗaya ba sai wannan takarda tana hannu.

Ƙa'ida ta ƙarshe ita ce aiki ya kasance yana da mai shi guda ɗaya. A karon farko mu goma sha ne a kwamiti, kowa na ba magini umarni, da abu ya lalace kuma aka rasa wanda za a tambaya. Yanzu kwamiti zai naɗa mutum ɗaya, shi kaɗai ke magana da ɗan kwangila, shi kuma kwamiti ke tuhuma. Za a ajiye littafi a bakin aiki a riƙa rubuta abin da ya shigo, da ma'aikata nawa suka zo, da abin da aka gama kowace rana. Kowace Asabar za a kwatanta abin da aka yi da abin da jadawali ya ce, da kuɗin da aka kashe da aikin da ke ƙasa. In an kashe rabin kuɗi alhali aikin da aka auna bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, a makon nan za ku ji, ba sai an shekara ba. Za a manna jadawalin da lissafin kuɗi a ofisoshinmu na ɓangarorin biyu, da Hausa da boko da ajami, da naira da sefa, don hajiyar da ta ba da jaka biyar ta iya zuwa ta ga inda kuɗinta ya shiga.

Iyayenmu da 'yan'uwa, ba mu ce in an bi waɗannan ƙa'idoji ba za a gamu da matsala ba. Za a gamu da ita. Bambancin shi ne za mu gan ta da wuri, tun tana da magani, kuma za mu san wanda za mu tambaya. Abin da ke gabanmu ba ƙarami ba ne. Kowace damina muna ganin buhunan wake da masara suna jiƙewa a bakin iyaka ƙarƙashin tamfol, muna biyan hayar ɗakunan ajiya na wasu, ƙananan 'yan kasuwarmu kuma suna karyar da kaya don ba su da inda za su kwantar da shi. In aikin nan ya sake tsayawa, ba kuɗi kaɗai za mu rasa ba. Babu wanda zai ƙara yarda ya sa sisinsa a wani abu na ƙungiya, kuma amanar da dattawa suka yi shekaru suna ginawa ita ce jarin da ba mu da wani bayansa.

Saboda haka yau ba kuɗi muke nema ba tukuna. An raba muku takarda mai ɗauke da ƙa'idojin nan bakwai, zane da takardar ƙididdiga kuma suna kan teburin sakatare ga mai son dubawa. Muna roƙon taro ya amince da su a matsayin sharaɗi a kanmu, ya kuma zaɓi mutum biyu da ba sa cikin kwamiti, ɗaya daga kowane ɓangaren iyaka, su riƙa binciken littafinmu duk wata. In an yi haka, sai a buɗe rajistar gudummawa bayan an kawo takardar fili kowa ya gani da idonsa. Wanda ke da tambaya ko gyara, muna nan zaune har a tashi.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya mai da kowa gidansa lafiya.